Tambaya da Amsa: Wai shi MV ɗin nan, yaushe yake rage bil, yaushe kuma yake ƙara shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato MV (materialized view), ajiyayyen sakamakon kuwiri, wannan da ake ƙirƙira da umarnin CREATE MATERIALIZED VIEW a rumbunan data na kilawud irin su BigQuery da Snowflake da Redshift. Na ɗauki guda biyar, na ɗan taƙaita tambayoyin saboda wasu sun yi tsawo sosai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Muna da teburin ciniki a BigQuery, kullum ƙaruwa yake, kuma akwai dashbod da ke karanta shi. Duk buɗewa ɗaya yana cin kusan gigabayit 50, a rana ana buɗe shi kamar sau 200. Na yi fiyu a kai ina zaton zai rage kuɗi amma bil bai motsa ba ko kaɗan. Wani abokin aikina ya ce MV zan yi. Meye bambancinsu don Allah?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Ai fiyun da ka yi babu data a cikinsa ko layi ɗaya, kuwirinka ne kawai aka ajiye aka sa masa suna. Duk sanda wani ya kira sunan sai injin ya koma babban teburin ya sake lissafin daga farko, shi yasa baka ga canji ba. Lissafa da kanka, 50 sau 200 gigabayit 10,000 kenan a rana, wajen terabayit 10, kuma a tsarin biya gwargwadon abin da ka karanta BigQuery na cajin dala 6.25 kan kowane terabayit a yankin Amurka, kaga kullum kusan dala 60 kake biya don a amsa maka tambayar da aka riga aka amsa da safe. Eh BigQuery na riƙe sakamakon kuwiri na wajen awa 24, amma da zarar teburin ya canza wannan riƙon ya tashi aiki, naka kuwa ka ce kullum cikin ƙaruwa yake.

Shi MV lissafin ake yi a ajiye sakamakon a matsayin data ta gaske, ba a fafe gora ranar tafiya. Misali:

CREATE MATERIALIZED VIEW rahoto.ciniki_na_rana AS
SELECT ranar_ciniki, lambar_kaya, SUM(kudi) AS jimla, COUNT(*) AS adadi
FROM rahoto.ciniki
GROUP BY ranar_ciniki, lambar_kaya;

Idan kayan da kuke sayarwa iri 2,000 ne, to a shekara guda mafi yawan layin da wannan zai tara 730,000 ne, wato 365 sau 2,000, ko da kuwa asalin teburin layuka biliyan ne a ciki. Dashbod ɗinka wannan ɗan ƙaramin zai riƙa karantawa. Nan ne ribar take, kuma ka riƙe wannan da kyau: ribar MV tana fitowa ne daga yadda sakamakon ya ƙanƙance idan aka gwada shi da asali. In ka sa lambar kowane ciniki a cikin GROUP BY to ka kwafi teburin ne kawai, ga kuɗin ajiya kashi biyu ga kuɗin sabuntawa, ba abin da ka rage.

Abin da ya sa nake son yadda BigQuery ya tsara nasa shi ne ba ya baka tsohon sakamako. Yana sabunta MV da kansa a bayan fage, in baka taɓa saitin ba ba ya wuce sau ɗaya a minti 30, amma in ka yi tambaya a tsakanin sabuntawa biyu sai ya ɗauko abin da ya ajiye ya haɗa da sababbin layukan da suka shigo bayan nan ya baka jimla daidai. Sannan ko dashbod ɗin bai san da MV ba, yana ci gaba da tambayar babban tebur, injin na iya gane cewa akwai ajiyayyen sakamako da ya dace ya karkata can da kansa. To amma kar ka ɗauka hakan ya faru, ka buɗe bayanan aikin kuwirin ka duba ko an yi amfani da MV ɗin, in ba a yi ba yana faɗin dalili. Na sha ganin wanda ya ƙirƙiri MV ya tafi abinsa da murna alhali ba kuwiri ko ɗaya da ke taɓa shi saboda dashbod ɗin na tace data da wani ginshiƙin da babu shi a MV.

Wani ɗan abu kafin in wuce, in ranar cinikin daga hatimin lokaci kake ciro ta, DATE a BigQuery da agogon UTC yake aiki in baka faɗa masa yankinka ba. Cinikin dare zai iya faɗawa wata ranar daban, kuma tunda yanzu ajiye sakamakon kake, kuskuren ma ajiye shi za ka yi.

TAMBAYA: Malam ni ClickHouse nake amfani da shi. Na yi MV yana tara jimla lafiya lau, sai muka gano akwai layukan da aka shigar da kuskure, na goge su daga asalin teburin amma jimlar MV bata canza ba har yanzu, kwana uku kenan. Na ɓata wani abu ne?

AMSA: Baka ɓata komai ba, haka aka gina shi, kuma wannan tambayar taka ita ce na fi so kowa ya karanta a wannan makon. Sunan MV ɗaya ne a ko'ina amma alƙawarin da kowane kamfani ya ɗauka a ƙarƙashin sunan daban ne.

A ClickHouse, MV na asali kamar mai gadin ƙofa yake. Duk sanda aka yi INSERT, sai ya karɓi wannan tarin layukan da suka shigo yanzu, ya gudanar da kuwirinka a kansu su kaɗai, ya zuba sakamakon a wani tebur. Shikenan aikinsa. Baya waiwayar abin da ya riga ya wuce ciki, saboda haka in ka goge ko ka gyara tsohon layi shi bai ma san an yi ba. Haka in akwai joyin, wato haɗa tebura, a ciki, shigar data a teburin farko na hagu ne kaɗai ke tashinsa, na dama ko ya canza sau nawa shiru za ka ji.

Gyaran kuwa da hannu za ka yi. In teburin da sakamakon ke sauka an raba shi wata-wata ko rana-rana, ka jefar da ɓangaren da kuskuren ya shafa ka sake cika shi da INSERT da SELECT daga asali, amma ka lura da datar da ke shigowa a daidai lokacin don kar a ƙirga ta sau biyu. In jimla ce zalla kake tarawa da SummingMergeTree, nau'in teburin ClickHouse mai tara jimlar layuka masu mabuɗi ɗaya, wasu kan shigar da layi mai ɗauke da adadin a ragi don ya soke na kuskuren. Kuma tunda mun zo nan, shi SummingMergeTree a bayan fage yake haɗe layuka a lokacin da ya ga dama, don haka wajen karantawa ma sai ka sake SUM da GROUP BY, kar ka dogara cewa ya gama haɗewa. In kuma datarku irin wadda ake yawan gyarawa ce, tun ƙarshen 2023 ClickHouse ya kawo wani nau'in MV da ake ba shi lokaci, ka ce REFRESH EVERY 1 HOUR, shi wannan yana sake dukkan lissafin ne daga farko duk awa. Ya fi tsada amma yana ganin gyara.

Dubi sauran kuma. PostgreSQL ya samu MV a siga ta 9.3 a 2013, kuma shi ba ya sabunta kansa sam, abin da ka ajiye jiya shi za ka tarar har sai ka ce REFRESH, in ka ce kuma gaba ɗaya yake sake lissafawa. A siga ta 9.4 aka ƙara CONCURRENTLY don masu karatu su ci gaba da karatu ana cikin sabuntawa, da sharaɗin akwai indes da ke bambance kowane layi. Redshift in ka tambayi MV kai tsaye abin da aka ajiye a sabuntawar ƙarshe zai baka, kuma sabuntawa da kai sai ka kunna da AUTO REFRESH YES. Snowflake da BigQuery su kuma sun yi alƙawarin sakamako na yanzu. Kaga mutum ɗaya in ya tashi daga ɗaya ya koma ɗaya da tunaninsa na da, rahoton ƙarya zai miƙa wa shugabanninsa bai sani ba. Wallahi wannan ya fi damuna a kan maganar bil, don bil kana ganinsa ƙarshen wata, ita kuwa lambar da ta tsufa kamarta ɗaya da ta gaskiya a kan allo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwa ce a aikin data, an ba ni aikin gyara layin sarrafa datarmu a Snowflake, akwai skirif kusan 30 da ke gudu da dare suna tsaftace data suna haɗa tebura. Na yi tunanin in maye su duka da MV in huta da shedul, amma na farko da na gwada ya ƙi saboda akwai joyin. Akwai dabara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Tunaninki na son rabuwa da skirif 30 na dare tunani ne mai kyau, kayan aikin ne kawai ba shi ba ne. MV na Snowflake tebur ɗaya tak yake karantawa, ba joyin ko da na tebur da kansa ne, ba lissafin taga irin su ROW_NUMBER mai ba kowane layi lambar matsayi, ba HAVING, ba ORDER BY, kuma sai kuna kan tsarin Enterprise ko sama ma za ki same shi. Babu dabarar kauce wa wannan, kar ki ɓata lokacinki.

Kuma ba rowa suka yi ba, akwai dalili. Duk MV da ke son ya sabunta kansa da arha dole ya iya amsa wannan: in sababbin layuka 1,000 sun shigo, zan iya gyara sakamakon da su kaɗai ba tare da na koma kan tsofaffin ba? A jimla da ƙirge amsar eh ce, ƙari kawai za a yi. Amma ki ce a ba kowane layi lambar matsayi, layi ɗaya in ya shigo tsakiya ya ture lambar duk waɗanda ke bayansa. Ki haɗa teburin ciniki da na kwastomomi, a canza sunan yankin kwastoma ɗaya, duk cinikinsa na shekaru sai an nemo an gyara. Shi yasa ko BigQuery da ya yarda da joyin, ƙarin layuka a teburin hagu ne kawai yake iya bi sannu-sannu, in na dama ya canza ajiyayyen sakamakon ya tashi aiki har sai an sake sabuntawa.

Abin da kike nema a Snowflake shi ne wanda ake yi da CREATE DYNAMIC TABLE, wanda suka buɗe wa kowa a 2024. Ki rubuta kuwirinki da joyin ɗinsa, ki faɗi iya jinkirin da za ki iya jurewa da TARGET_LAG, minti 1 ne mafi ƙanƙanta, su kuma su san yadda za su jera sabuntawar idan wani teburin ya dogara da wani. A BigQuery makamancin wannan shi ne ki sa max_staleness tare da allow_non_incremental_definition, wato kin yarda a baki sakamakon da ya ɗan kwana, su kuma su sassauta miki dokokin SQL.

Amma shawarata, kar ki kwashe duka 30 ɗin. Ki zauna ki raba su. Waɗanda aikinsu tsaftacewa ne, cire maimaici, gyara rubutun kwanan wata, yanke hukuncin wane rikodi ne na gaskiya in biyu sun saɓa, waɗannan ki bar su a matsayin matakai da ke rubuta tebur na gaske, wanda za ki iya gwadawa, ki tsayar in ya lalace, ki san ranar da dokar ta canza da wanda ya canza ta. In kuna amfani da dbt, manhajar tsara matakan sarrafa data da SQL, ya dace da wannan sosai, kuma tun siga ta 1.6 a 2023 yana iya ƙirƙira miki DYNAMIC TABLE ɗin ma daga cikin fayilolinki, sai ya zama komai na wuri ɗaya. MV kuma ki ajiye shi can ƙarshen layi, inda data ta riga ta tsarkaka kuma ana ta maimaita mata tambaya ɗaya.

Na taɓa aiki a wani wuri da aka cusa dokar cire cinikin gwaji a cikin MV, aka manta da ita a can. Bayan watanni aka canza yadda ake yi wa cinikin gwajin alama, ba abin da ya faɗi, ba saƙon kuskure ko ɗaya, MV na ta sabunta kansa cikin natsuwa da lambobin da ba daidai ba. Sai da wani ma'aikacin lissafi ya gwada da littafinsa muka farga. Da a matakin da ke da gwaji dokar take, da ranar farko za a kama.

TAMBAYA: Malam me yasa BigQuery ya karɓi COUNT a MV amma ya ƙi COUNT DISTINCT? So nake in ƙirga kwastomomi nawa suka yi sayayya kowace rana.

AMSA: Dalilin da na faɗa wa Malama a sama ne. In MV ya ajiye cewa yau mutum 500 ne, sai sabon layi ya shigo, ba yadda zai san ko wannan mutumin na cikin 500 ɗin ko sabo ne sai in ya riƙe sunayensu duka. In kimantawa ta ishe ka yi amfani da APPROX_COUNT_DISTINCT, ko HLL_COUNT.INIT wanda ya fi amfani don yana ajiye wani ɗan taƙaitaccen zane na mutanen ranar da za ka iya haɗe na kwana 30 da HLL_COUNT.MERGE ka samu na wata. Kar ka tara ƙirgen ranaku ka ce na wata ne, wanda ya zo sau 10 za ka ƙirga shi mutum 10. In kuma dole sai ainihin adadi, kamar in da shi ake cajin wani kuɗi, to ka yi MV mai GROUP BY rana da lambar kwastoma, sannan ka ƙirga a samansa.

Matsakaici ma yana da irin wannan tarkon. Ranar farko ciniki 2 matsakaicinsu 100, rana ta biyu ciniki 98 matsakaicinsu 10. In ka ɗauki matsakaicin 100 da 10 za ka ce 55, alhali gaskiyar ita ce 1,180 a raba 100, wato 11.8. Shi yasa a misalin farko na ajiye jimla da adadi daban-daban, rabawar a bari sai wajen karantawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni nawa akasin na kowa ne. Na yi MV guda 12 a Snowflake don in rage kuɗi sai ga kiredit na tafiya fiye da da. Teburin asalin muna yi masa MERGE duk minti 10.

AMSA: To ai ka faɗi ciwon da bakinka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sabuntawar nan ba kyauta ba ce, a Snowflake wata hidima ce ta bayan fage ke yinta kuma kiredit, wato ma'aunin da Snowflake ke cajin kuɗi da shi, take ci daban da na injin da kake gudanar da kuwiri a kai. Duk MERGE ɗaya, wato umarnin da ke gyara tsofaffin layuka ya ƙara sababbi, na sake rubuta gutsattsarin teburin, kuma MV 12 kowanne sai ya bi sawu, sau 144 a rana. Har sake jera data da Snowflake ke yi a teburin da aka sa wa mabuɗin jeri shi ma yana jawo musu aiki.

Ka buɗe MATERIALIZED_VIEW_REFRESH_HISTORY ka ga kiredit nawa kowanne ya ci a kwana 30 da suka wuce, sannan ka je tarihin kuwiri ka ƙirga sau nawa aka karanta kowanne. Ina da yaƙinin za ka tarar da wasu ana sabunta su sau ɗari da wani abu a rana don rahoton da mutum ɗaya ke buɗewa ranar Litinin. Waɗannan ka goge su, ka yi tebur na yau da kullum da ake cikawa sau ɗaya da dare. SUSPEND ba magani ba ne, jinkirta kuɗin kawai yake, ba a iya karanta MV ɗin a lokacin, kuma ranar da ka sake kunna shi sai ya biya bashin aikin da ya taru.

Sauran da ake karantawa da gaske kuma, ka duba ko da yawansu ba tambaya ɗaya suke amsawa ta fuskoki daban-daban ba, ɗaya na rana, ɗaya na mako, ɗaya na wata. Na rana kaɗai ya isa, mako da wata a samansa za a tara su da arha. Sannan ka tambayi masu amfani da rahoton ko da gaske suna buƙatar datar minti 10 da ta wuce, ka zauna da su ka ji wane hukunci suke yankewa da ita, don in MERGE ɗin ya koma duk awa ka sauko daga 144 zuwa 24 ba tare da ka taɓa SQL ko layi ɗaya ba. Masu BigQuery ku ma wannan ya shafe ku ta wata fuskar, UPDATE ko DELETE ko MERGE na sa ajiyayyen sakamako ya tashi aiki injin ya koma karanta asali har zuwa sabuntawa ta gaba, sai dai in kun raba MV ɗin da irin rabon da teburin asali ke da shi, to ɓangaren da aka taɓa ne kaɗai zai shafa.

Ka gwada wannan na mako biyu ka sake rubuto min da lambobin kafin da bayan, ina son in ga guda nawa cikin 12 ɗin suka rage.